Yadda ake ɗaukar hoton daji da motsa kyamara da gangan a farkon kaka

Tun da na saka hotunan nan na dajin Epping, wanda ke gefen Landan, da suka fito kamar zanen fenti saƙo bai daina shigo min ba, wasu suna tambaya wane filta na waya na ɗora musu, wasu kuma cewa suke kwamfuta ce ta zana. Ba ko ɗaya wallahi. A cikin kyamara aka yi su, a daidai lokacin da aka danna, ni ne na motsa kyamarar da gangan shota, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, tana buɗe sai bishiyoyin suka ja layi launukan suka shiga cikin juna. Masu hoto a nan Ingila ICM suke ce masa, in zaka nema a intanet da wannan sunan zaka samu. Toh maimakon in riƙa amsa wa mutum ɗaya ɗaya, bari in jera yadda nake yi tun daga fita gida har zuwa gyara.

1. Lokacin da zaka fita

Daga wajen 20 ga Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, wannan shi ne lokacin da nafi so a kudancin Ingila. Mutane da yawa suna jira sai Nuwamba lokacin da bishiyoyin beech suka koma ruwan goro gaba ɗaya, kuma ga hoto na yau da kullum suna da gaskiya, amma ga wannan aikin namu farkon kaka ya fi, saboda dalili biyu. Na farko ganye bai zube ba tukuna, saman dajin a rufe yake kamar rumfa, haske kaɗan ne yake sauka kuma sararin sama baya leƙowa ta tsakanin rassa ya ɓata maka hoto. Na biyu launi uku ne a tare, kore yana nan bai tafi ba ga kuma ruwan ɗorawa ya fara shiga ganyen birch, ciyawar bracken da ke ƙasa ta fara komawa ruwan ƙasa. In ka ja kyamara a kan waɗannan ukun sai kaga sun haɗu kamar an zuba rini. A Nuwamba launi ɗaya ne ya mamaye ko'ina sai hoton ya zama jawur kawai ba wani bambanci.

Rana mai gajimare ka nema, ko mai hazo, ko bayan an ɗan yi yayyafi jikin bishiya ya jiƙe ya yi duhu. A ƙarshen Satumba rana na fitowa a Landan wajen ƙarfe 7 na safe, ni bayan asuba nake shiri in kama jirgin ƙasa na layin Central in sauka Loughton, daga tashar tafiyar ƙafa kaɗan ce ka shiga daji.

Gargaɗi: kar ka fita da tsakar rana in ana rana ƙwal. Hasken da ke ratsowa ta cikin ganye zai zama fararen layuka masu kaifi a hoton kuma babu gyaran da zai dawo dasu.

2. Kayan da zaka ɗauka da abin da zasu ci maka

Duk kyamarar da zata barka ka saita gudun shota da hannunka ta isa, ko tsohuwa ce, ba sai ka sayi sabuwa ba domin kaifin hoto ba shi muke nema ba a nan. Lens ɗin da ya zo da kyamarar, mai zum 18-55mm, zai yi aiki in ka ja shi zuwa 55. Amma in kana da 70-200 ko 55-200 shi zaka ɗauka, ni yawancin hotunana tsakanin 70 da 135 na ɗauke su.

Abin da zaka iya saya shi ne filtar rage haske, wato ND. Iri uku ake yawan gani, ND8 da ke rage haske mataki 3, ND64 mataki 6, sai ND1000 mataki 10, kowane mataki yana rage rabin haske. ND1000 ta yi duhu da yawa ga wannan aikin ka barta wa masu ɗaukar ruwa da teku. A dajin Ingila ND8 ta wadatar, wani lokacin ma ba ka buƙatar komai. Mai sauƙin kuɗi zaka samu daga wajen fam 20 zuwa 50 gwargwadon faɗin lens ɗinka, manyan kamfanoni irin su Lee da NiSi in ka haɗa da mariƙinsu sai ka wuce fam 100, kuma gaskiya ga mai motsa kyamara wannan kuɗin bai zama dole ba. In kana da folaraiza, wato filtar kashe ƙyalli, ka tafi da ita, tana rage haske kusan mataki ɗaya da rabi zuwa biyu sannan tana kashe ƙyallin jiƙaƙƙen ganye launin ya fito sosai, sau da yawa ita kaɗai nake ɗorawa.

Sai memori mai fili, 64GB ko sama, da batir na biyu, da ƙyallen goge lens, da takalmin da ba zaka ji tausayinsa ba don caɓi ake yi a wurin.

Gargaɗi: kafin ka biya kuɗin filta duba lambar da ke rubuce a bakin lens ɗinka ko a cikin murfinsa, 52 ko 58 ko 67 ko 77, ita ce faɗinsa. In lens ɗinka biyu ne saya ta babban sai ka haɗa da zoben ƙari na 'yan fam kaɗan. Sannan in filtar mai juyawa ce da ake ƙara mata duhu, kar ka murɗa ta har ƙarshe, wani baƙin gicciye ne zai fito maka a tsakiyar hoton.

3. Zaɓen inda zaka tsaya

Nan ne aikin yake ɗan uwa, ya fi saitin kyamara muhimmanci nesa ba kusa ba. Mutane suna ɗauka tunda hoton zai zama dishi-dishi ko ina ka nuna ya yi, a'a, abin da bai da tsari a tsaye in ka motsa shi taɓo zai koma.

Ka nemi bishiyoyi masu miƙaƙƙen jiki da suke tsaye da ɗan tazara a tsakaninsu, uku ko biyar ko bakwai, ba cunkoso ba. Birch ita ce sarauniyar wannan aikin saboda ɓawonta fari ne da ɗigon baƙi, in ka ja sai ta zama farin layi mai laushi a kan bayan da yake duhu. A Epping akwai tsofaffin bishiyoyin beech da hornbeam da aka riƙa sare musu kai a zamanin da, sun yi ƙullutu sun murɗe rassa sun bazu ko'ina, suna da kyau ƙwarai a hoto na tsaye amma ga ja sama da ƙasa basu dace ba, wuce su ka nemi inda matasan birch suke.

Bayan ka sami bishiyoyin sai ka kalli abin da ke bayansu. So ake bayan ya fi su duhu, kurmi mai kauri ko gangaren tudu. Ka matsa hagu ka matsa dama har sai kowace bishiya ta rabu da 'yar uwarta, kar biyu su hau kan juna. Ni abin da nake yi sai in ɗan runtse ido har komai ya dushe, abin da ya rage min a gani na launi da layi kusan shi ne abin da kyamarar zata bani. In na runtse naga kore ne kawai shar ba wani abu sai in ƙara gaba.

Tazara tsakaninka da bishiyar farko kamar taku goma sha biyar zuwa talatin. In ka matsa kusa sosai jikin bishiya ɗaya zai cinye rabin hoton.

Gargaɗi: kar sama ta shiga, ko kaɗan. Kuma ka tuna ba abin da kake gani a farkon dannawa ne kaɗai zai shiga ba, duk inda kyamarar ta bi zai shiga, saboda haka kafin ka fara ɗauka ka gwada jan ba tare da ka danna ba, ka ga ina ka fara ina ka ƙare. Haka kuma reshen da ya gitta a kwance ko itacen da ya faɗi, in ka ja daga sama zuwa ƙasa zai zama wata baƙar inuwa mai faɗi da ta raba hoton biyu.

Wani gargaɗin kuma na lafiyarka ne, bracken gidan kaska ce kuma kaskar Turai tana iya sa cutar Lyme, ka cusa ƙafar wando cikin safa in ka koma gida ka duba jikinka. A Oktoba kuma mazan barewar dajin suna lokacin barbara, in ka gansu ka basu wuri.

4. Saita kyamara

Juya kyamara zuwa saitin da kai zaka zaɓi gudun shota, S in Nikon ko Sony ce, Tv in Canon ce, in ka saba da M, inda komai da hannu ake saitawa, ma ya fi. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka sauke shi ƙasa zuwa 100 kuma ka kashe na otomatik. Shota ka fara da rabin daƙiƙa. Lambar f, wadda ke nuna yadda ƙofar hasken lens ta matse, zata faɗa tsakanin 11 da 16, a cikin daji mai rufi da safe ranar gajimare sau da yawa f/16 da ISO 100 zasu baka rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya ba tare da filta ba. In kyamara tana nuna maka 1/8 kai kuma daƙiƙa ɗaya kake so sai ka ɗora ND8, mataki 3 kenan, 1/4, 1/2, 1.

Kashe mai hana girgiza. Canon IS suke rubutawa, Nikon VR, Sony OSS ko SteadyShot. Aikinsa shi ne ya yaƙi motsi kai kuma motsin kake so, in ka barshi a kunne layukan zasu riƙa fitowa da ɗan tsalle a farkonsu.

Fokas ka ɗora shi a kan bishiyar da ta fi muhimmanci sannan ka mayar da lens zuwa na hannu ya tsaya a nan. Wasu suna cewa ai fokas ba ruwansa tunda hoton a motse yake, ba haka bane, layin da aka ja da fokas daidai yana da siraran zare a cikinsa kamar sawun burushi, wanda ba fokas kuwa hayaƙi ne kawai. Ɗauki da RAW, wato ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara. Rage hasken da kashi ɗaya cikin uku ko biyu cikin uku na mataki domin ɓawon birch saurin ƙonewa gare shi, kuma ka kunna alamar nan da ke ƙyaftawa a allo in wuri ya yi fari fiye da kima.

Gargaɗi: f/22 zata fito maka da duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, kuma a irin wannan hoton da komai yake sumul ɗigon ƙura a fili yake zama. Akwai ranar da na dawo da hotuna sama da ɗari uku kowanne da ɗigo tara a wuri ɗaya, sai da na bi waɗanda na zaɓa ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. Hura sensa tun a gida, kuma gara ka ɗora filta ka tsaya a f/11 da ka matse zuwa f/22.

5. Tsayuwa da jan kyamara

Buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka danna kyamara a goshinka kana kallo ta ƙaramar tagar ido, ba ta allon baya ba. Yanzu kai da kyamarar kun zama abu ɗaya. Motsin ba daga wuyan hannu zai fito ba, nan ne kusan kowa yake kuskure, wuyan hannu baya tafiya a miƙe sai ya karkace layukan su fito kamar igiya. Daga wuya da ƙugu zai fito, kamar mai ɗaga kai a hankali ya kalli saman gini sannan ya sauke. In motsi kaɗan kake so sai ka bar kan a tsaye ka lanƙwasa gwiwa kamar zaka ɗan rusuna ka gaida babba, wannan yana bada layi mafi miƙewa da na sani.

Tsarin shi ne ka fara motsi tukuna, kana cikin tafiya ka danna, shota ta rufe kana ci gaba da tafiya, sannan ka tsaya. Kar ka danna sannan ka fara, kar kuma ka tsaya da jin ƙarar rufewa. Ni daga sama nake saukowa ƙasa saboda in na wuce gona da iri ciyawa ce zata shiga ba sama ba, wasu kuma daga ƙasa suke hawa, gwada duka biyun ka ga wanda jikinka ya fi karɓa.

Nisan jan fa ba mai yawa bane. A 100mm da rabin daƙiƙa abin da kake buƙata bai wuce ka ratsa kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin tsayin abin da kake gani a taga ba. In ka ja da ƙarfi komai zai wanke ya zama zane-zanen labule, mai kallo ba zai san daji bane. Ni a ganina hoto mai kyau shi ne wanda mutum zai kalla ya gane bishiya ce amma ba zai iya ƙirga ganyenta ba, a bar wa bishiyar ƙashinta. Wannan iyakar siririya ce kuma ba lamba ce zata baka ita ba, maimaitawa ce.

Saboda haka ka tsaya wuri ɗaya ka ɗauki ashirin ko talatin kafin ka matsa. Goma a 1/4, goma a 1/2, goma a daƙiƙa ɗaya, kana canza saurin hannunka. In kana da mazaunin kyamara mai ƙafa uku mai kan da yake sunkuyawa sama da ƙasa kaɗai zaka iya ɗaure juyin gefe ka saki na sama, layin zai fito kamar an sa rula, sai dai ni nafi son na hannu domin 'yar karkacewar nan kaɗan ita take sa hoton ya yi rai.

Gargaɗi: igiyar kyamara tana wuyanka ko a naɗe a hannu, kuma ka duba ƙarƙashin ƙafarka kafin ka fara, saiwa da jiƙaƙƙen ganye santsi gare su kai kuma idonka yana cikin taga.

6. Karanta abin da ya fito

Bayan kowane goma ka tsaya ka duba. Layuka sun karkace gefe, wuyan hannunka ne ya shiga aikin. Sun yi gajere hoton ya yi kama da wanda aka ɗauka bisa kuskure, ƙara tsawon shota ko saurin ja. Komai ya wanke, rage. Akwai farin zare mai haske da ya ratsa daga sama, wani ɗan ramin sama ne tsakanin ganye, sauke kyamara kaɗan ko ka matsa taku biyu. Launi ya zama ruwan toka mara daɗi, ka haɗa launuka da yawa ne a ja ɗaya, rage nisan.

Kar ka goge komai a daji sai wanda ya ƙone fari fat. Ƙaramin allo yaudara gare shi, wanda ka raina a can sau da yawa shi ne yake tsayar da kai a kwamfuta.

7. In ka iya na farko

Wanda nafi so bayan ja na sama da ƙasa shi ne tsaya-ka-ja. Sa shota daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka danna ka riƙe shiru rabin lokacin sannan ka ja, ko ka ja sannan ka tsaya. Bishiyar zata fito da siffarta sannan wani mayafi na launi ya biyo ta. Akwai kuma 'yar rawar hannu ƙarama kamar mai jin sanyi, ba tare da ka je ko'ina ba, ita tana mayar da ganye ɗigo-ɗigo kamar an dangwala fenti, ta dace da inda bracken ta yi yawa. Zaka iya tafiya gaba a kan hanya shota tana buɗe, ko ka murɗa zum. Juya kyamara kamar sitiyari kana kallon sama shi ma ana yi amma sama zata shiga, ni ban cika yi ba.

8. Mai waya

Yawancin wayoyin Android suna da Pro a cikin kyamararsu, shiga nan ka sauke ISO ƙasa ka sa shota 1/4 ko 1/2. Matsalar waya ƙofar haskenta a buɗe take ba a matse ta, saboda haka ko a cikin daji hoton zai iya ƙonewa, dole sai ka sami filtar ND mai maƙalawa ko ka fita da duku-duku. Mai iPhone zai buƙaci manhaja irin Slow Shutter Cam. Riƙe wayar da hannu biyu, gwiwar hannu a jiki, ka yi amfani da lens na 2x ko 3x in akwai.

9. Gyara

Lightroom nake amfani dashi, Darktable kyauta ce kuma tana buɗe RAW, a waya Snapseed ta isa. Fara da tacewa, in na ɗauki ɗari uku in na sami biyar da zan nuna wa mutane na gode Allah. Bi ɗigon ƙura ka goge. Yanke gefen da rabin bishiya ya leƙo. Daji yana sa hoto ya yi kore-kore har a jikin farin ɓawo, sai ka ɗan tura zuwa ɗumi har birch ta koma fara. Sauke wuraren haske, ƙara bambancin duhu da haske kaɗan, ka kashe ƙarin kaifi gaba ɗaya.

Gargaɗi: kar ka cika launi. Ruwan ɗorawa da kore in aka tura su da yawa sai su koma kamar alawar yara, kuma abin da yasa muka fito a farkon kaka tun farko shi ne launin bai gama nuna ba.

10. Ga 'yan uwa da suke gida

Wasu daga Kano da Zariya sun tambaya ko sai a Turai. Ganyenmu baya canza launi irin na nan amma aikin zai yi, layukan bishiyar turare da aka shuka don tare iska a Jigawa da Kano da Katsina miƙaƙƙu ne kuma ɓawonsu yana da haske, a Oktoba bayan ɗaukewar ruwa ciyawar ƙarƙashinsu ta fara komawa ruwan zinare sama kuma da sauran kore. Bambancin shi ne ranarmu tana da ƙarfi, a fili da rana f/16 da ISO 100 wajen 1/100 zasu baka, sai ka ɗora ND64 kafin ka sauko kusa da rabin daƙiƙa, don haka ita zaka saya ba ND8 ba, ko ka fita kafin rana ta ɗaga. In hunturu ya shigo hazon zai tausasa maka haske amma kar ka canza lens a waje ƙura zata cika sensa. Ka nemi izinin mai gona ko mai unguwa kafin ka shiga, ka kula da maciji a cikin ciyawa, kuma kar ka je dajin da mutanen wurin da kansu suka daina shiga.